Rabin Darasin Hankaka

Har yau, in na ji warin ɓawon gyaɗa yana ƙonewa, sai idona ya yi nauyi kamar na yini ina aiki. Wari ne mai ɗaci, ba shi da ƙamshin itace, yana kama zane ya kwana a ciki. Da shi Kaka take ciyar da wutarta lokacin ɗari, domin itace sai an yi nisa, ɓawo kuwa tsibi ne a bayan kowane ɗaki a Jibiya. Daga inda muke zama muna jin motar ƙarshe ta 'yan gyaɗa tana nishi a yashin gulbi, sannan a sauke sandar shingen iyaka, gari ya yi tsit.

Bayan isha'i ake baza mana tabarma a ƙofar ɗakinta, a zube mana gyaɗa a gaba. Ba a ba da tatsuniya kyauta a gidanmu. Muna ɓarewa har yatsu su tsage, ita kuma tana kaɗi, mazari yana juyawa cikin 'yar tasa, tana dangwalo alli da ɗan yatsa. Ni ce mai sanyin hannu a cikin jikokinta. Nakan tsaya da ƙwaya ɗaya ina bin tartsatsi da ido har ya ɓace a sama.

"Dije," sai ta ce, "in kin gama zawarcin taurari ki sauko. Su ba su cin tuwo, mu muna ci."

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, lokacin da muke kiran wancan ƙetaren Faransa. A ɗarin shekarar da nake faɗi, mutum biyu suka ƙaru a bakin wutarmu, kuma duk biyun ba tatsuniya ta kawo su ba.

Ta farko Sahura ce, matar maƙwabcinmu Ilu. Danga ɗaya ta raba gidajenmu. Bayan an cire amfanin gona, mijinta ya bi Baffa Lawal, wan mahaifina, suka ɗora wa jakuna buhunan gyaɗa suka bi hanyar daji zuwa Maradi, don kada su biya ta shingen duwan, wato masu karɓar kuɗin fito na wancan gefe. Haka rabin mazan unguwarmu suke yi, ba wanda yake ɗaukarsa abin kunya. Su biyu suka tafi, Baffa kaɗai ya dawo. Ya ce sun rabu a kasuwa, Ilu ya bi wasu fataken shanu arewa neman aiki, ya ce a gai da gida.

Tun daga ranar Sahura ta shiga wani zama wanda ba shi da suna. Ba a ce mata matar aure da gaba gaɗi, ba a ce mata mai takaba. Iyayenta a Gangara suna aiko mata ta dawo gida, surukinta yana cewa ta zauna, ɗansa yana nan tafe. Kullum takan zuba tuwon Ilu a akushi ta rufe da faifai, da safe ta yi ɗumame da shi. Tana zuwa wajenmu da goyonta, domin daga ƙofar Kaka ana hango hanyar da ta taso daga gulbi. In jaki ya yi kuka a can, sai hannunta ya tsaya a kan gyaɗa. In kukan ya wuce, ta ci gaba. Ban taɓa ganin gajiya irin ta mai jira ba. Ba ta da nishi, ba ta da zufa, sai dai mutum ya riƙa ƙanƙancewa cikin zanensa.

Na biyun shi ne Baffa Lawal da kansa. Da can a zaure yake hira da maza, yana dariya har a jiyo shi a rijiya. Da ya dawo daga tafiyar nan sai ya bar zaure, ya riƙa zama a gindin rumbu, daidai inda hasken wuta ya ƙare. Ya tafi da farin rawani ya dawo da hula kawai, ya ce a kasuwa aka ɗauke masa yana alwala. Ya rage cin abinci. Bayansa ya ɗan duƙa, kamar mai ɗauke da buhun da ba ma gani.

Baffa shi ne ɗan farin Kaka, kuma Kaka ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. Yana zaune taku kaɗan daga gare ta, sai ta ce, "Dije, ki ce ma wancan tuwonshi ya yi sanyi." Ni kuma in juya in maimaita, shi kuma ya ce, "Ki ce mata na ƙoshi." Mu yara abin dariya muke ɗaukarsa. Ban san cewa uwa tana iya ganin ɗanta yana nutsewa, al'ada ta ɗaure mata harshe, ta rasa yadda za ta tambaye shi abin da ya same shi ba.

Abu ɗaya kawai yake buɗe bakin Baffa, shi ne silimar da ya kalla a Maradi kafin ya dawo. Mu majigi kaɗai muka sani, wanda aka taɓa kawowa filin kasuwa aka nuna mana yadda ake tace ruwa. Kaka ba ta ga amfanin ko ɗaya ba.

"Inuwa ce a bango," in ji ta. "Mutum da hankalinshi ya tahi har Maradi kallon inuwa. Ga tawa nan bayana, ku kalla, ba ni hanawa."

Silimar ta Larabawa ce, ta wani birni a bakin teku. Abokai biyu suka fasa shagon maƙerin zinariya. Wajen rabo suka yi faɗa, ɗaya ya buga wa ɗaya ƙarfe a ka, ya cusa gawar a babban akwati. Daga nan har ƙarshe ba abin da ake gani sai mutum da akwati. Ya bar shi a masauki, mai masauki ya biyo shi da gudu yana cewa ya manta kayansa. Ya bar shi a jirgin ƙasa, wani bawan Allah ya miƙo masa ta taga. Ya kai shi bakin teku, masunta suka fito. Akwai ɗan sanda mai baƙar riga yana bin sawunsa, amma bai taɓa kama shi ba. A ƙarshe mutumin ya zauna a kan akwatin a ƙofar masallaci, ladan yana kiran salla. Ba ya iya shiga da shi, ba ya iya barinsa a waje. Sai aka kunna fitilu, kowa ya tashi.

Baffa bai ji Larabcin da suke yi ba, amma wani malami da ya zauna kusa da shi ya karanta masa sunan da aka rubuta a farko: Darasin Hankaka. Sunan nan shi ya hana shi sakat.

"Wallahi na zura ido tun daga farko har ƙarshe," yakan ce, "ko gashin hankaka ban gani ba. To ina darasin?"

Ya kai maganar tasha. Wani direba ya ce ai ɗan sandan ne hankaka, tun da baƙar riga gare shi da farin wuya. Wani tela ya ce a'a, ɓarawon ne, domin hankaka ya fi kowa iya sure tsoka a teburin mahauci. Baffa ya dawo da amsoshin nan ya zube mana su, ba wadda ta kwanta masa. Ya ba mu labarin har muka haddace, har ƙannena suna rigansa faɗin abin da zai biyo baya.

Ran nan yana cikin bayarwa, ya zo daidai ƙofar masallaci, sai Sahura ta yi magana. Ba ta saba sa baki ba, shi ya sa duk muka ɗaga kai.

"Yaya Lawal, shi wanda anka kashe, ba shi da kowa? Ba a nuna matarshi ba?"

Baffa ya ce, "Ba a nuna ta ba."

Mazarin Kaka ya tsaya. Ta ajiye shi a tasa, ta ƙara ɓawo a wuta, hayaƙi ya taso ya sa mu hawaye.

"Ku rufe kanku," ta ce da mu 'yan mata. "Yau ba 'ga ta nan'. Wagga ƙissa ce, ba a yanke mata kan kusu. Ku yi salati."

Muka yi. Ta fara da murya ƙasa-ƙasa, idonta a kan garwashi.

Ta ce lokacin duniya tana sabuwa, ko kabari ɗaya babu a bayan ƙasa. 'Ya'yan Annabi Adamu biyu suka miƙa hadaya, aka karɓi ta ɗaya, ba a karɓi ta ɗaya ba. Wanda aka ƙi tasa ya kashe ɗan'uwansa. Da fushin ya sauka sai ya tsaya yana kallon gawa, bai san abin da ake yi da ita ba, domin ba wanda ya taɓa mutuwa kafin nan. In ya ajiye ta, ungulu su sauko. In ya matsa, kura ta matso. Sai ya goya ta a baya kamar jariri, ya yi ta tafiya. Rana ta dake shi, raɓa ta jiƙa shi. Ba ya iya zama, ba ya iya kwanciya, ba ya iya komawa gida. Bayansa ya lanƙwashe.

Sai Allah ya aiko hankaka, ɗauke da ɗan'uwansa matacce. A wancan zamani, in ji Kaka, hankaka yana da farin rawani har ka. Ya kwance rawanin ya naɗe ɗan'uwansa a ciki, ɗan ƙyallen da ya rage shi ne farin da muke gani a ƙirjinsa yau. Ya tona ƙasa da baki da farce, ya sa shi, ya rufe. Mutumin ya ce kaitonsa, ashe ko tsuntsu ya fi shi sani. Ya durƙusa ya tona da hannunsa, ya sauke goyonsa a ciki.

Na ji sanyi a raina, na ce, "Kaka, shi ke nan ya huta?"

"Ke da gaggawa kamar mai zawo," ta ce. Yara suka ƙyalƙyale, ita ba ta yi dariya ba. "Kin taɓa ganin hankaka ya yi abu ya yi shiru? Da ya gama rufewa, sai ya hau ƙololuwar itace ya yi ta kuka, ya yi ta kuka, har dangi sunka taru. Uwa ta san ta rasa ɗa. Mata ta san ta zama mai takaba. Kowa ya san matsayinshi, kowa ya yi kukanshi ya tashi. Darasin kashi biyu ne. Shi ɗan Adam tonon ya koya, kukan bai tsaya ya koya ba. Ya sauke gawa daga bayanshi, ya maida ta cikin cikinshi. Rami haƙƙin matacce ne, Dije. Faɗi haƙƙin masu rai ne."

Wuta ta yi ƙara. Goyon Sahura ya motsa, ta jijjiga shi ba ta ɗaga kai ba.

"Ki ce ma wancan mai zuwa silima," Kaka ta ci gaba, "hankaka ba sai da fiffike ba. Mai masauki hankaka ne. Mutumin jirgi hankaka ne. Ladan ma hankaka ne. Duk wanda ya ce maka ga kayanka, Allah ne ya aiko shi. Mai akwati bai koyi ko rabi ba. Wani kau ya koyi rabi, ya yi abin da ya kamata da rawaninshi, Allah shi saka mashi. Saura rabin."

Na juya in isar da saƙo kamar kullum. Na ce, "Baffa, Kaka ta ce..." Sai na ga fuskarsa a jiƙe, hasken wuta yana rawa a kanta. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ran nan.

"Na ji, Dije," ya ce. Ya dafa rumbu ya miƙe da ƙyar. "Ki ce mata na ji."

Kaka ta ɗauki mazarinta. Sahura tana ta murza ɓawon da babu ƙwaya a ciki.

Da aka idar da sallar asuba Baffa bai dawo gida ba. Ya kama hannun liman suka nufi wajen mahaifin Ilu. Hantsi bai yi ba muka ji kuka ya tashi a bayan danga. Abin da ya faɗa musu, daga baya ya zagaya gari har ya iso kunnen yara. Suna cikin daji, sun kusa wuce shingen duwan ta baya, kububuwa ta sari Ilu a ƙafa. Akwai ɗakin shan magani kusa da shingen. Ilu ya ce a kai shi. Baffa ya ɗaure masa ƙafar, ya ba shi saiwa ya tauna, ya ce masa ya yi haƙuri, bari ya tsallakar da jakunan tukuna, kada a kama su da kaya. Kafin ya kai su inda zai ɓoye ya dawo, jini yana fita ta dasashin Ilu. Ya goya shi ya nufi shingen, bai ƙara tunanin gyaɗa ba, amma a bayansa Ilu ya cika. Baffa shi kaɗai ya yi masa salla, ya tona da gatari da hannu a gindin wata aduwa, ya jibga ƙaya a kai saboda kura. Sannan ya wuce Maradi ya yi kwanaki yana gararamba, ya rasa fuskar da zai shigo da ita gida. Duhun da zai ɓuya a ciki ya je nema a gidan silima.

Washegari Baffa da liman da mahaifin Ilu da wani ɗan'uwansa suka tafi su huɗu da rana tsaka, ta bakin shinge, suka gaya wa masu tsaro ziyarar kabari za su. Sahura ta tsefe kanta ta shiga takaba. Liman ya ce a shari'a ana lissafi ne daga ranar rasuwa, saboda haka kwanakinta sun ragu. Ta ce ita daga ranar da ta ji za ta fara, domin ba ta yi masa kuka ba tukuna. Ba wanda ya ja da ita. Da ta fita takaba ta koma Gangara. Na tuna ranar da ta zo sallama, fuskarta ta faɗa, amma tafiyarta ta yi sauƙi, kuma jaki ya yi kuka a gulbi ba ta waiwaya ba.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Mahaifin Ilu bai kai ƙara wajen alƙali ba, amma har ya rasu bai ƙara ce wa Baffa komai ba bayan amsa sallama. Baffa ya sayar da jakunansa. Bayansa bai miƙe ba. Sai dai tun daga lokacin, duk wanda ya rasu a unguwarmu, shi ne yake ɗaukar sandarsa ya kai labari ga dangi, ko Bugaje ne ko ƙetaren iyaka, ko ana ruwa. Aikin da kowa yake gudu ne. Ba wanda ya ɗora masa, ba wanda ya hana shi.

Ni kuwa aka kai ni makarantar 'yan mata a Katsina. Wata rana malamin addini ya karanta mana ƙissar nan. Na ɗaga hannu na ce ya tsallake wajen rawani da wajen kukan hankaka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wannan ba ya cikin littafi, wa ya gaya mini? Ajin ya yi dariya. Na zauna kunya ta rufe ni, na ji haushin Kaka na kwana biyu. Daga baya na gane cewa ba mantuwa ta yi ba. Ɗinki ta yi, daidai jikin mutum ɗaya.

Ban taɓa ganin silimar ba. Na tambaya a Kano, ba wanda ya tuna ta. Amma nakan yi tunanin wanda ya raɗa mata suna. Masu kallon labarin kisa jira suke a kama mai laifi, a sa masa ankwa, su koma gida da zuciya wasai. Shi wannan bai ba su haka ba. Ya bar musu mutum a ƙofar masallaci da suna a bisa kansa, kamar yana cewa mutum na farko da ya zubar da jini, ba ɗan sanda Allah ya fara aiko masa ba, mai koyarwa ya aiko masa. Ƙofa a buɗe take, nauyin ne ba ya wucewa ta cikinta. Yanzu da nake koyarwa, in na dawo da yamma ƙafafuna sun yi nauyi, nakan ga mutane a hanya masu ɗan duƙon nan na Baffa, in ce a raina ko wa suke goye da shi, ko wace ce take rufe tuwo a wani gida saboda shirunsu.

Bara Kaka ta rasu. Baffa ne ya kai labarin Gangara da ƙafa, Sahura ta zo zaman makoki da 'ya'yanta na gidan da ta sake aure. Muna tsince shinkafar sadaka ni da ita, na ce mata har yau ina mamakin yadda Kaka ta gane.

"Ai ba ita kaɗai ta gane ba," in ji Sahura. "Ke ba ki san rawanin nan ba? Fataken da can ba su tahiya sai da rawanin da tsawonshi ya isa naɗe mutum, don in mutuwa ta riske ka a daji kada a rasa likkafani. Kakarki ta kaɗa zarenshi da hannunta ta ba masaƙi. Da anka gama, ni ta ba na kai mashi, tun da ba ta iya miƙa mashi da kanta. Ranar da ya shigo da hula, ta dube ni, na dube ta."

Na ce, "To, Yaya Sahura, tuwon da kike rufewa fa?"

Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Ba a shiga takaba da zato, Dije. Sai an faɗa."

Sai a ranar na san abin da Kaka take kaɗawa tun ina rarrafe a gabanta. Likkafanin ɗanta ta kaɗa, ɗan wata ya sa.